Mai Renon 'Yan Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya tambayi Yaya aikin da take yi, amsa ɗaya take ba shi: reno. In ya ce 'ya'yan wa, sai ta ce iyayensu ba sa kusa, su sittin ne, kuma dukkansu za su shige aljihun riga ɗaya. Daga nan sai ta bar mutum da baki buɗe ta ci gaba da harkarta. Ni ce ƙanwarta mai bi mata, kuma ni ake bari kullum da wahalar yin bayani, don haka bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

A gini ɗaya muke aiki, wata cibiyar binciken magunguna da ke bayan babban asibiti. Ni ina hawa na ƙasa ina buga takardu. Ita tana hawa na biyu, a ɗakin da ba a shiga sai an wanke hannu har gwiwa, an sa farar riga da safar hannu da takunkumi. A ɗakin akwai wani akwatin ƙarfe mai tsayin firij, amma shi ɗumi yake riƙewa, daidai ɗumin jikin mutum. A cikinsa 'ya'yan renon nata suke kwana.

Ga yadda ake samunsu. Ana yankar 'yar fata daga hannun mara lafiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Masana su yi ta lallaɓa ƙwayoyin fatar nan makonni, har su manta cewa su fata ne su fara zama naman ƙwaƙwalwa. Bayan wata uku sai ka ga ɗan dunƙule fari-fari kamar kan ashana yana zaune a ƙasan ƙaramin kwanon roba. Ba ya tunani, ba ya jin zafi, bai san kowa ba. Amma yana da 'yar wutar lantarki irin ta ƙwaƙwalwa, kuma ciwon mai fatar yana biyo shi. Shi ya sa ake gwada magani a kansa kafin a kai ga mutum. Abincinsu wani ruwa ne mai launin hoda, wanda yake komawa rawaya in sun cinye amfaninsa. Aikin Yaya shi ne ta zuƙe tsohon da siririn bututu ta zuba sabo, Litinin da Alhamis, ba tare da hannunta ya girgiza ba, ba tare da numfashinta ya faɗa ciki ba.

Ita ba ta taɓa kiransu da sunan da ke cikin littattafai ba. 'Yan tsakina take cewa, kuma wannan yana da asali. Tun muna yara mahaifiyarmu tana kiwon kaji a bayan gida, kuma duk ɗan tsakon da ya fito rago, wanda 'yan'uwansa ke takewa wurin cin abinci, wurin Yaya yake ƙarewa. Ta sa shi a cikin riga, ta ɗiga masa ruwa da yatsa, ta hana mu dariya. Wasu su mutu duk da haka, wasu su tashi su zama zakarun da ke bin mu da sara. Ba ta taɓa iya ganin rago ta wuce ba, kuma wannan hali har ya fi ƙarfinta.

Sai kuma Auta, ƙaninmu. Yana shekara shida farfaɗiya ta fara kayar da shi, Yaya tana da sha huɗu. Ita ta koyi juya shi ya kwanta a gefe, ta sa masa zane a ƙarƙashin kai, ta kori masu zuwa da cokali wai za su cusa masa a baki. Yanzu magidanci ne mai mata da 'ya'ya mata biyu, yana gyaran agogo da waya a wata 'yar rumfa kusa da ƙofar kasuwa. Yana shan ƙwayoyinsa safe da yamma, amma duk da haka a wata yakan faɗi sau biyu ko uku. Bakinsa kuwa ko farfaɗiya ba ta iya da shi ba. Yana farfaɗowa zai tambaya ko an cinye masa abinci.

Yaya ba ta yi karatu mai nisa ba. Da wankin kwalabe ta shiga cibiyar nan, ta yi shekara goma sha biyu a bakin famfo tana kallon yadda masu digiri ke aiki. Wadda ta ɗauko ta daga can ita ce shugabar binciken, wata gajeriyar Dakta mai saurin tafiya da muke kira Minti Biyar a bayan idonta, saboda kome ka kawo mata sai ta ce ka ba ta minti biyar, ko da aikin kwana uku ne. Ta lura cewa kwalaben da Yaya ta wanke ba sa taɓa yin fumfuna, sai ta miƙa mata bututu ta ce ta gwada. Shekara takwas ke nan, kuma ko sau ɗaya ƙwayar cuta ba ta shiga kwanon da Yaya ke reno ba. Ɗalibai masu manyan takardu sun sha kashe na wata huɗu da atishawa ɗaya. Ranar da aka ba ta farar riga mai aljihu biyu, sai da ta goge ta sau uku kafin ta sa.

Da aka fara neman masu farfaɗiya goma da za su ba da fata, Auta ne na biyu a layi. Dakta ta san ƙaninmu ne, don haka ta yi mana bayani ƙarara cewa lamba kawai za a rubuta a kan kwanoni, sunaye kuwa suna cikin akwatin da ita kaɗai ke da makullinsa. Kowane mutum an fitar masa da dunƙule shida, ga sittin ɗin da Yaya ke faɗa. Auta ya yi wata guda yana nuna wa abokan cinikinsa ɗan tabon hannunsa, yana ce musu ƙwaƙwalwarsa ta samu aikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, shi kuma an bar shi a bakin titi yana shan rana. Duk ranar da ya ga Yaya sai ya tambaye ta ko ɗan nasa yana jin magana.

Da 'yan tsakin suka yi ƙwari aka fara gwada wani sabon magani. Mai haɗa magunguna yana aiko da 'yan kwalabe sittin, kowacce da lambar kwanonta. Rabi akwai magani a cikin ruwan, rabi ruwa ne zalla, kuma ba wanda ke hawa na biyu da ya san wanne ne wanne. A jikin bango Dakta ta manna takarda da manyan baƙaƙe: KOWA DAIDAI. Ni na buga ta da hannuna.

Bayan mako uku wasu suka fara ramewa. Gefensu ya yi yaushi, sun ƙanƙance, ba su da hasken 'yan'uwansu. Masu digiri suka duba suka rubuta, suka tafi shan shayi. Yaya ta duba ta kasa tafiya. Dama duk Asabar da safe takan leƙo ta ga ko akwatin ɗumi yana aiki, sai ta fara yin abin da ta saba tun tana yarinya. Ta zuƙe wa ragayen rabin ruwansu, ta ƙara musu sabo daga babbar kwalbar ruwan abinci mara magani, ta mayar da su kantar tsakiya inda iskar buɗe ƙofa ba ta bugunsu. Har sunaye ta raɗa musu. Akwai Sarkin Barci, akwai Mai Kunne Ɗaya, akwai wani da take kira Sai An Roƙe Shi. Duk abin da ta yi tana rubutawa a ɗan littafin aljihunta, da rana da lamba, domin ita ba ɓoyewa take yi ba. A ganinta takardar bango magana take yi a kan Litinin da Alhamis. Asabar kuwa tata ce, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta me take yi da ita.

Wata bakwai da fara aikin aka ɗora 'yan tsakin a kan na'urar da ke auna wutarsu. Na masu farfaɗiya yawanci wutarsu tana tashi a haukace ne, ta faɗi, ta sake tashi. Sai ga guda ashirin da huɗu sun natsu, wutarsu tana tafiya sannu-sannu. Da aka buɗe takardar mai haɗa magunguna, dukkansu ashirin da huɗun suna cikin masu shan magani. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, Dakta ta sauko matakala tana tsallake ɗaya-ɗaya, ta zube mini takardu ta ce in buga kafin Litinin, za ta kai wa shugabannin cibiya ta nemi izinin mataki na gaba, wanda daga shi sai gwaji a kan mutane. Ni kuma da ba na iya riƙe magana mai daɗi, tana fita na kira Auta a waya na tsegunta masa. Ya ce dama ya san ɗan nasa ba zai ba shi kunya ba.

Ƙarfe huɗu Yaya ta sauko mu tafi gida tare kamar kullum. Ta zauna a kujerar baƙi tana jira in kashe kwamfuta, idonta ya faɗa kan jerin lambobin da ke kan tebur. Na ga leɓenta yana motsi. Da na matsa sai na ji ba lambobi take karantawa ba, sunaye take kira. Sarkin Barci. Mai Kunne Ɗaya. Har ta kai ƙarshen jerin ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

A cikin bas ta buɗe mini ɗan littafin a kan cinyarta. Lambobi ashirin da huɗu na Dakta, su ne lambobi ashirin da huɗu na Asabar. Maganin ne ya ramar da su, ramar ta jawo musu tausayin Yaya, kuma yanzu ba mai iya cewa ko magani ne ya natsar da su ko ƙarin abinci da kantar tsakiya. Ta ce mini gobe da safe za ta gaya wa Dakta.

A nan zan faɗi gaskiya a kaina, domin ba ni ce jarumar labarin nan ba. Na ce mata ta rufa wa kanta asiri. Na ce littafin nan ni da ita kaɗai muka gani. Na tuna mata shekara goma sha biyu a bakin famfo, na ce in aka yi mata sauƙi can za a mayar da ita, in ba a yi ba sai bakin get. Na ce wataƙila ma maganin yana aiki, ta bar masu digiri su gano da kansu. Na yi ta zuba har mai karɓar kuɗin mota ya juyo yana kallonmu. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta rufe littafin.

"In aka ba Auta ya sha fa," in ji ta, "alhali ba maganin ne ya yi aikin ba? Abin da ya ramar da ɗan mitsitsin abu haka, ni zan yi shiru a zuba wa mutane?"

Sai na koma yi wa direba faɗan gudu.

Washegari ta zo da farar rigarta a ninke cikin leda, a goge, ta hau ofishin Dakta. Ni kuma na ɗauki wani fayil da ba a nema ba na bi bayanta, na tsaya a bakin ƙofa ina gyara takardun da ba su hargitse ba. Dakta ta ɗago kai ta buɗe baki za ta nemi minti biyar ɗinta, sai ta ga Yaya ta ajiye rigar a kan tebur, ta fasa. Yaya ta ajiye littafin a gefen rigar ta yi bayani a tsaye, daga Asabar ta farko har ta ƙarshe, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Dakta ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana haɗawa da nata jerin. Fuskarta ta yi ta sauyawa, har na fara tunanin inda zan nema wa Yaya aiki.

Ta yi faɗa, kuma ta yi shi sosai. Ta ce wata bakwai sun bi ruwa, ta ce duk Asabar Yaya tana wanke rabin maganin daga kwanon tana zuba ruwa zalla, ta ce da an kai takardar nan gaban shugabanni da sunanta ne zai zube. Ta nuna bango ta ce ko ba a iya karatu ba ai an ga girman baƙaƙen. Da ta yi ta yi har muryarta ta dushe, sai ta cire tabarau ta tambaye ta a hankali.

"Kin fi kowa sanin aikin nan. Me ya sa?"

"Ban san wanne ne na Auta ba, Dakta," in ji Yaya. "Duk wanda na ga ya rame sai in ce ko shi ne."

Ni dai fayil ɗin da ke hannuna sai da ya jiƙe da hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Dakta ta daɗe tana goge tabarau. Daga baya ta ce Yaya ta tafi gida sai an neme ta, ta bar rigar da littafin.

Kwana huɗu Yaya ta yi a gida. Ta wanke labule, ta wanke tukwanen da ba a taɓa ba tun bara, ta wanke har robar shara. Damuwarta ɗaya, wa ya ba 'yan tsaki abinci ranar Litinin, kuma ko ya tuna cewa ƙofar akwatin ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwa. Rana ta biyar Dakta ta sauko ofishina ta ajiye ledar rigar a kan tebur, ta ce in gaya wa yayata ta zo ta ɗauki kayanta ta sa, ɗalibai sun kusa ƙarar mata da dukiya. Ta ƙara da cewa laifin ba na mutum ɗaya ba ne, tun da shekara takwas tana ganin mace tana zuwa aiki ranar hutu ba ta taɓa ba ta minti biyar ta ji abin da take yi ba. Ashe ta san sunan da muke kiranta da shi.

Aka sake aikin daga farko, amma da sabon tsari. Rabin kwanonin aka manna musu koren tef, su za a ciyar irin na Yaya, har da Asabar. Sauran rabin sai Litinin da Alhamis. A kowane ɓangare akwai masu magani akwai marasa shi. Yaya da kanta ta roƙi a riƙa rufe lambobin ana sauya wa kwanonin wuri duk mako, don kada ta saba da fuskar kowa. Ta ce mini wannan wata bakwai ɗin su ne mafi wuya a duk aikinta. In ta ga rago mara koren tef, sai ta cusa hannu biyu a aljihu ta ba shi haƙuri ta cikin takunkumi, ta rufe ƙofa da gwiwa. Aljihun rigar sai da ya yage aka ɗinke.

Sakamakon da ya fito bai yi wa kowa daɗi ba da farko. Maganin ba ya yin komai sai ramarwa. Masu koren tef kuwa, da masu magani da marasa shi, sun fi natsuwa kuma sun fi daɗewa da rai. Dakta ta tara mu ta ja mana kunne kada wani ya fita yana cewa abinci na warkar da farfaɗiya. Abin da aka gano, in ji ta, shi ne shekara da shekaru suna barin 'yan dunƙulen da yunwa, kuma wani ɓangare na haukan wutar da suke aunawa na yunwa ne. Yanzu da aka gyara, duk maganin da aka gwada nan gaba za a fi gane gaskiyarsa. Aka ajiye wancan maganin, ba a kai shi bakin kowa ba. Na sake buga takardar bango: Litinin, Alhamis, Asabar. A ƙarshen rahoton akwai sunan Yaya a cikin masu aikin. Na ɗan ƙara masa girma fiye da na sauran, Dakta ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Abin da ya rage shi ne gaya wa Auta, wanda na cika wa ciki da buri tun bara. Muka je gidansa wata Lahadi da rana, matarsa ta kawo shinkafa, 'yan matansa suna rigimar wa za ta zauna kusa da Yaya. Na so in yi bayanin, tun da bakina ne ya jawo, amma Yaya ta riga ni. Ta gaya masa komai, har da Asabar, har da kwana huɗun wankin tukwane. Ta ce maganin da yake jira ba zai zo ba, sai dai a jira wani.

Auta ya yi shiru yana juya wani tsohon agogo a hannunsa. Na san ya ji ciwo, domin Auta ba ya shiru. A watan nan ma sau biyu ya faɗi, ɗaya a gaban ƙaramar 'yarsa. Can ya ajiye agogon ya tambaya ko har yanzu ba a san wanne ne nasa ba. Yaya ta ce ba a sani ba, kuma ba za a sani ba.

"To bari in gane," in ji shi. "Wata goma sha huɗu, da na'urori, da masu digiri, abin da kuka gano shi ne in Yaya ta ƙara wa mutum abinci hankalinsa yana kwanciya? Da ni kuka tambaya ai da na gaya muku tun ina shekara shida."

Ya tura farantinsa gabanta. Matarsa ta fashe da dariya, yaran suka taya ta ba tare da sun san dalili ba. Yaya ta kawar da kai gefe ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ɗauki cokali ta ƙara masa biyu, ta dube shi, ta ƙara na uku. A gidan nan ba takarda a bango, kuma ba wanda ya ce mata kowa daidai.